Yadda za ka binciki ɗan takarar majalisar jiha a Bauchi: takardunsa, ƙuri'unsa da zamansa a zaure

Rana ɗaya ake zaɓen gwamna da na ɗan majalisar jiha, kuma duk ƙurar wajen gwamna take tafiya. Da yawa sai an miƙo musu takarda ta biyu a rumfa suke tuna cewa akwai wata kujerar, sai su dangwala inda suka dangwala ta farko su wuce. Alhali mutum 31 ɗin da ke zama a majalisar dokokin Bauchi su ne ke amincewa da kasafin kuɗi, su ke ba gwamna izinin cin bashi, su ke tantance kwamishinoni, kuma a hannunsu ikon tsige gwamna yake. In an yi zaɓen tumun dare, sai haƙuri na shekara huɗu. Kiranye yana cikin tsarin mulki, amma kafin INEC ta saurare ku sai fiye da rabin masu rajista a mazaɓar sun sa hannu, an tantance sa hannun, sannan a yi ƙuri'ar raba gardama. Binciken kafin zaɓe ya fi wannan araha nesa ba kusa ba.

Ka samu littafin rubutu, ka raba kowane shafi gida uku. Gida na farko abin da ka gani a takarda da idonka. Na biyu abin da mutum biyu da ba su haɗa baki ba suka shaida maka. Na uku ji-ta-ji-ta. Duk abin da bai bar gida na uku ba, kada ya bar littafin.

Kafin komai ka tabbatar da sunan mazaɓar yadda INEC ke rubuta shi, don a nan wasu ke fara ɓata. Garin Katagum hedkwatar ƙaramar hukumar Zaki ne, ita kuwa ƙaramar hukumar Katagum hedkwatarta Azare, kuma kujerunta biyu ne: Azare/Madangala da Madara/Chinade. Tafawa Ɓalewa kuma da sunan Lere/Bula za ka same ta. Wanda ya nemi sakamako da sunan da ba shi ba, na wata mazaɓa zai tattaro ya yi ta lissafi a kai.

Takardar EC9

Kowane ɗan takara yana cike wata takarda mai suna EC9, wadda a da ake kira CF001, ya rantse a kanta gaban kwamishinan rantsuwa a kotu. A ciki akwai sunansa da sunayen da ya taɓa amfani da su, ranar haihuwa, makarantun da ya yi da shekarunsu, wuraren da ya yi aiki, sai jerin tambayoyi na e ko a'a: ko ya karɓi zama ɗan wata ƙasa, ko kotu ta taɓa yanke masa hukunci, ko yana ƙungiyar asiri, ko ya taɓa miƙa wa INEC takardar jabu. A bayanta ake liƙa kwafin takardun makaranta, shaidar haihuwa ko ta rantsuwar shekaru, da katin jam'iyya.

Hanya biyu ce ta ganin ta. Dokar Zaɓe ta 2022, wadda aka yi zaɓen 2023 da ita, ta wajabta wa INEC ta kafe waɗannan takardu a mazaɓar cikin kwana 7 da karɓarsu. A allon sanarwa na ofishin INEC na ƙaramar hukuma ake mannawa. Ka je a makon farko da waya mai caji, ka ɗauki hoton kowane shafi, gaba da baya, domin iska da ruwa da hannun yara ba sa barin su su daɗe, wani lokacin ma yaran ɗan takarar ne ke zare shafin da ba ya so a gani. Hanya ta biyu ita ce ka rubuta wa kwamishinan zaɓe na jiha takardar neman kwafi mai hatimi, ka biya kuɗin da aka ƙayyade. Sashe na 29 na wannan doka ya ba kowa wannan dama, ba sai lauya ko ɗan takara ba, kuma ya ba hukumar kwana 14. Ka yi takardar kwafi biyu, a buga maka hatimin karɓa da kwanan wata a ɗaya ka riƙe. In ba ka da wannan, ranar da ka koma za a ce ba a ga takardarka ba, kuma ba ka da ta cewa. Majalisar tarayya takan taɓa waɗannan kwanaki duk lokacin da ta gyara dokar, don haka ka haɗa da jadawalin da INEC ta fitar na zaɓen da ake ciki.

Abin da tsarin mulki ya nema bai da yawa. Sashe na 106 ya ce ya zama ɗan Najeriya, ya kai shekara 25 (30 ne kafin gyaran 2018), yana da ilimi aƙalla matakin sakandare ko makamancinsa, kuma jam'iyya ce ta tsayar da shi. Wannan "makamancinsa" ɗin ƙofa ce mai faɗi. Sashe na 318 ya sa takardar malanta mai daraja ta biyu a ciki, ya sa wanda ya yi karatu har matakin sakandare ko da bai ci jarrabawar ba, har ma da mai takardar firamare in ya yi aikin shekara 10, ya halarci kwasa-kwasan da suka kai shekara guda, kuma yana iya karatu da rubutu da Turanci. Saboda haka yayata cewa wane ya faɗi lissafi a WAEC ɓata yawu ne, ba ya hana shi takara. Ba shi da digiri ma ba laifi ba ne. Abin da ke kayar da mutum shi ne ƙarya da jabu, kuma akasari masu faɗawa ramin su ne waɗanda takardar sakandarensu ta ishe su amma suka ƙaro wata difloma ta ƙarya don burga.

Ga yadda ake kama saɓani. Ka jera shekarun a layi ɗaya daga haihuwa zuwa yau, ka duba ko suna tafiya da hankali. Wanda aka haifa a 1975 kuma ya gama firamare a 1979 akwai magana. Sannan ka duba ko abin da ke kan takardar ya wanzu a shekarar da aka rubuta. An ƙirƙiri jihar Bauchi a Fabrairun 1976, kafin nan Jihar Arewa Maso Gabas ce, don haka takardar da aka ce an bayar a 1974 mai ɗauke da kan "Jihar Bauchi" abar tuhuma ce. Gombe ta fita daga Bauchi ranar 1 ga Oktoba 1996. NECO ta fara jarrabawar kammala sakandare a 2000, ba za a samu sakamakonta na 1995 ba. Jami'ar tarayya da ke Bauchi an buɗe ta a 1980 da sunan jami'ar fasaha, sai a 1988 ta tsaya da ƙafarta da sunan Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa. Jami'ar jiha ta Gadau kuwa ko a 2008 ba a kai ga kafa ta ba, balle ta yaye ɗalibi. Amma a yi hattara: makaranta takan sake ba tsohon ɗalibi takardar shaida bayan shekaru, a kan sabuwar takarda mai sabon suna. Ka bambance shekarar kammalawa da ranar da aka sa hannu kafin ka ɗaga murya.

Suna kuma wata masifa ce a ƙasar nan tamu. Yaro ya shiga firamare da sunan garinsu, a sakandare ya koma sunan mahaifi, a jami'a ya ƙara na kaka. Wannan ba jabu ba ne a karan kansa, amma ya kamata ka ga takardar rantsuwar canjin suna ko sanarwar jarida da ta ɗinke sunayen. Kada ka raina wannan. A Fabrairun 2020 Kotun Ƙoli ta rushe nasarar David Lyon a zaɓen gwamnan Bayelsa ana gobe rantsar da shi, saboda sunayen da ke takardun mataimakinsa ba su dace da juna ba.

In ma'aikacin gwamnati ne, ko malamin makaranta ko ma'aikacin ƙaramar hukuma, sashe na 107 ya ce ya ajiye aiki kwana 30 kafin zaɓe. Abin nema shi ne takardar ajiye aikin mai hatimin karɓa, da tabbacin cewa albashi ya tsaya. Akwai masu rubuta takardar su ajiye a aljihu, alat na ci gaba da shigowa.

Ka san iyakarka a nan. A ƙarƙashin dokar 2022, wanda ya shiga zaɓen fid da gwani na jam'iyyar ne kaɗai zai iya kai ƙarar bayanan ƙarya gaban Babbar Kotun Tarayya, kuma tsarin mulki ya ba da kwana 14 kacal ga ƙarar da ta shafi kafin zaɓe. Kai mai ƙuri'a abin da ke hannunka shi ne ka sani, ka sanar da masu hurumi da wuri.

Ƙuri'un da ya samu, da waɗanda aka ara masa

Nan ne aikin yake, kuma nan aka fi yaudarar mutane. Fosta za ta ce "ya ci zaɓe sau biyu", amma ba ta faɗa maka ko shi ya ci ko guguwa ce ta ɗauko shi. A 2015, lokacin "sak", mutane da yawa sun shiga majalisa ba tare da masu zaɓensu sun san fuskarsu ba.

Sakamako hawa-hawa yake. Takardar rumfa ita ce EC8A, ta gunduma EC8B, haka har zuwa EC8E wadda baturen zaɓe ke bayyana wanda ya ci da ita. Na zaɓen 18 ga Maris 2023 an ɗora hotunan takardun rumfuna a shafin IReV na INEC: ka yi rajista, ka zaɓi zaɓen majalisar jiha, ka bi mazaɓa, gunduma, rumfa. Na 9 ga Maris 2019 da na 11 ga Afrilu 2015 ba sa can, domin a 2020 aka fara amfani da shafin. Waɗannan sai ta ofishin INEC, ko wajen tsofaffin ejan-ejan da sakatarorin jam'iyya na ƙaramar hukuma, waɗanda sukan adana kwafinsu a leda ƙarƙashin katifa, ko kuma cikin fayil ɗin kotun sauraron ƙararrakin zaɓe in an yi shari'a.

In ka buɗe EC8A, kada idonka ya tafi kai tsaye ga jam'iyyu. Fara da saman takardar: masu rajista, waɗanda aka tantance, takardun ƙuri'a da aka kawo, waɗanda ba a taɓa ba, waɗanda suka lalace, waɗanda aka ƙi karɓa, da masu kyau. Masu kyau da waɗanda aka ƙi in an haɗa kada su wuce waɗanda aka tantance. In sun wuce, aringizo ne, kuma doka ta ce a soke rumfar. Ka duba ko abin da aka rubuta da lamba ya dace da wanda aka rubuta da kalmomi, ko an kankare an sake rubutawa, ko akwai hatimi da sa hannun jami'in rumfa, da ejan nawa suka sa hannu. Rumfar da masu rajista 700 ne aka ce 690 sun fito, alhali maƙwabtanta ko rabi ba su kai ba, ka sa mata alama. Za ka tarar da hotuna masu hazo, da waɗanda aka ɗora takardar gwamna a gurbin ta majalisa. Ka rubuta su a matsayin "babu", kada ka cike da ƙiyasi.

Yanzu ga ma'aunin da ya fi kowanne. Tunda rana ɗaya aka yi zaɓen gwamna da na majalisa, mutane ɗaya, layi ɗaya, sai ka ajiye ƙuri'un ɗan takararka kusa da na ɗan takarar gwamna na jam'iyyarsa, gunduma-gunduma. A ce a wata gunduma ɗan takarar gwamna ya samu 4,200, shi kuma ya samu 3,100. Ma'ana kimanin mutum 1,100 sun dangwala wa jam'iyyar a sama, da suka zo kansa suka kauce, suka yi shinkafa da wake. Wannan ƙi ne da gangan, domin sai mutum ya nemi wata alama a takarda ta biyu. A ce kuma a wata gundumar gwamna ya samu 2,000 shi ya samu 2,900. Waɗannan 900 nasa ne na kansa, duk jam'iyyar da ya koma akwai yiwuwar su bi shi. Ka yi haka a dukkan gundumomin ka haɗa. In jimillarsa tana ƙasa da ta gwamna a ko'ina har da garinsu, to kaya ne jam'iyya ta ɗauka. In yana sama a garinsu kaɗai, ɗan gari ne, bai zama na mazaɓa ba tukuna. In yana sama har a gundumar abokin hamayyarsa, wannan a yi masa kallon tsanaki, akwai abin da yake yi daidai, ko kuma akwai rigimar cikin gida a ɗaya jam'iyyar da ta zubo masa ƙuri'a. Tambaya a ƙasa ce za ta raba maka biyun.

Wajen kwatanta shekara da shekara kurakurai biyu ake yi. Na farko, kwatanta rumfa da rumfa tsakanin 2019 da 2023. A 2021 INEC ta ƙara rumfuna a faɗin ƙasa daga 119,974 zuwa 176,846, aka farfasa manyan rumfuna aka raba masu rajista. Rumfar ƙofar gidan mai unguwa da ta ba shi 500 a 2019 ta ba shi 220 a 2023 mai yiwuwa rabinta ne ya koma sabuwar rumfa a makarantar firamare. Ka kwatanta a matakin gunduma. Na biyu, kwatanta yawan ƙuri'a tsagwaronsa. A 2015 da 2019 da na'urar karanta kati aka yi aiki, a 2023 da BVAS mai duba yatsa da fuska, kuma ba ta da sassaucin waccan. In ƙuri'un kowa sun ragu, raguwar nasa ba hujja ba ce. Ka mayar da komai kashi cikin ɗari na ƙuri'u masu kyau. Wanda ya tashi daga kashi 61 ya dawo 44 amma ya ci saboda 'yan hamayya sun rabu biyu, alal misali wani ya fusata ya tafi NNPP ko PRP ya kwashe dubu uku, wannan kujerarsa a kan siraɗi take ko da fosta ta ce nasara biyu a jere.

Ka kuma auna ratar da ya ci da ita da abu biyu: yawan ƙuri'un da aka ƙi karɓa, da yawan masu katin zaɓe a rumfunan da aka soke, waɗanda ake rubutawa a takardar EC40G. In ratar ba ta kai na biyun ba, ƙa'ida ita ce a ce zaɓe bai kammala ba a sake a waɗannan rumfuna. Sakamakon zagaye na biyu kuwa ka karanta shi da taka tsantsan, domin ranar duk kuɗi da jami'an tsaro da manyan jiha a kan rumfuna goma suke taruwa.

Ta wace ƙofa ya shigo

Tikiti ma tarihi ne. Doka ta 2022 ta san hanya uku: 'yar tinƙe, daliget, da maslaha. In maslaha aka ce, sharaɗinta shi ne duk waɗanda aka tantance su rubuta cewa sun janye da yardarsu. INEC tana tura jami'ai su sa ido a zaɓen fid da gwani su rubuta rahoto, kuma ana iya neman kwafinsa kamar yadda ake neman EC9. Ka duba ko sunan da ke rahoton shi ne wanda jam'iyya ta miƙa. Wannan ba ƙaramin abu ba ne: a Mayun 2019 Kotun Ƙoli ta zubar da dukkan ƙuri'un APC a Zamfara saboda ba a yi sahihin zaɓen fid da gwani ba, waɗanda suka zo na biyu suka hau kujeru.

Bayan zaɓe, mai ƙorafi yana da kwana 21 ya shigar da ƙara, kotun zaɓe tana da kwana 180, ɗaukaka ƙara kwana 60. A shari'ar ɗan majalisar jiha Kotun Ɗaukaka Ƙara ce ƙarshe, ba a zuwa Kotun Ƙoli. Shi ya sa 'yan majalisar PDP 16 da aka cire a Filato bayan zaɓen 2023 ba su samu inda za su kai kuka ba, alhali gwamnansu ya tsira a Kotun Ƙoli. Ko a nan gida, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta soke zaɓen kakakin majalisa Abubakar Y. Suleiman na Ningi a ƙarshen 2023, ta ce a sake a wasu rumfuna, aka sake a Fabrairun 2024 ya dawo. Don haka "kotu ta tsige shi" ba ta wadatar ba a littafinka. Ka nemi lambar ƙarar, ka je rajistarar kotun ka nemi kwafin hukuncin, ka karanta dalilin. Wanda aka cire saboda takardar jabu daban, wanda aka cire saboda laifin shugabannin jam'iyyarsa daban, wanda aka ce a sake a rumfuna kaɗan daban.

Sauya sheƙa kuma ka rubuta ta da kwanan wata. Sashe na 109 na tsarin mulki ya ce wanda ya bar jam'iyyar da ta kawo shi ya rasa kujerarsa sai in jam'iyyar ta rabu, ko da yake kakaki ne ke zartarwa, kuma in wajen jam'iyyar kakakin aka koma ba ka jin komai. Kwanan watan shi ke magana: ya fita ne mako guda bayan ya faɗi zaɓen fid da gwani, ko wata guda bayan an rantsar da sabon gwamna?

Zamansa a zaure

In ya taɓa zama ɗan majalisa, ofishin akawun majalisa na ajiye takardar jadawalin zama ta kowace rana, da taƙaitaccen abin da aka yanke, da cikakken rubutun muhawara, da rajistar halarta. Ka rubuta takarda ƙarƙashin Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011, wadda ta ba hukuma kwana 7 ta amsa. Ka ƙayyade abin da kake so, misali rajistar halarta daga Yunin 2023 zuwa Mayun 2024. In ka ce "duk bayanan wane" ka ba su hanyar share ka. Tsarin mulki ya ce majalisa ta zauna aƙalla kwana 181 a shekara, kuma wanda ya yi fashin fiye da kashi ɗaya cikin uku na zaman shekara ba da uzuri ba ya kamata ya rasa kujerarsa.

Ka bambance ƙudirin doka da ƙudirin kira. Sojojin baka za su ce ya kawo ƙudiri 20, in ka duba 19 kira ne ga gwamnati ta gyara hanya kaza ko ta kai ɗauki ga waɗanda ambaliya ta shafa. Kiran yana da amfaninsa, amma ba ya ɗaure kowa. Ƙudirin doka sai ya bi karatu na ɗaya, na biyu, kwamiti, karatu na uku, sannan gwamna yana da kwana 30 ya sa hannu ko ya ƙi. Ka rubuta inda kowanne ya tsaya. Ka kuma lura cewa yawancin dokoki daga ɓangaren zartarwa suke zuwa, shugaban masu rinjaye ne ke gabatar da su saboda muƙaminsa, ba shi ya tsara su ba. Yadda ya kaɗa ƙuri'a a kan bashi ko kasafi kuwa da wuya ka samu, domin da murya ake yi, masu e da masu a'a. Abin da za ka samu shi ne ko ya tashi ya yi magana, da abin da ya faɗa. Rahotannin wakilan BRC da Globe FM da Albarka Radio, da jaridu irin su Aminiya da WikkiTimes, suna cike wannan giɓin. In yana majalisar da aka buɗe a Yunin 2019, wadda ta wayi gari da kakaki biyu, Abubakar Suleiman da Kawuwa Damina, ka tambayi ɓangaren da ya tsaya da inda ya ƙare.

Ayyukan mazaɓa sai da ƙafa. Ka samo kasafin jiha da rahoton aiwatar da shi na wata uku-uku, ka ware abin da aka sa wa mazaɓarku, ka bambance kuɗin da aka amince da wanda aka saki. Sannan ka hau babur ka je. Allon kwangila ya fi fentin da ke jikin tanki gaskiya: shi ke nuna hukumar da ta bayar da aikin da kamfanin da ya yi. Sau da yawa ajin SUBEB ne (hukumar ilimin bai ɗaya ta jiha) ko rijiyar RUWASSA (hukumar samar da ruwa a karkara) ko aikin ɗan majalisar tarayya, aka zo da daddare aka zana hoton wani da hularsa a jiki. Ka murɗa famfon. In ba ruwa, ka tambayi matan da ke wucewa da jarka yaushe rabon da ya kawo. Sunan kamfanin kuma ka sa shi a shafin binciken CAC, hukumar rajistar kamfanoni, ka ga ko yana da rajista, yaushe aka yi ta, da su wa ke da shi. Kamfanin da aka yi wa rajista wata biyu kafin a ba shi aiki, kuma sunan mai shi ya yi kama da na gidan ɗan majalisar, ya cancanci layi a gida na farko na littafinka.

Sabon shiga

Wanda bai taɓa takara ba ba shi da EC8A, amma yana da baya. In tsohon kansila ne ko shugaban ƙaramar hukuma, kada ka auna farin jininsa da zaɓen BASIEC, hukumar zaɓe ta jiha. A 2024 PDP ce ta kwashe kujerun shugabanni 20 duka, kuma haka zaɓen ƙananan hukumomi ke kasancewa a yawancin jihohi, ko wace jam'iyya ke mulki. Rahoton babban mai binciken kuɗi na ƙananan hukumomi na shekarun da ya riƙe ya fi amfani. In ɗan kasuwa ne ko ma'aikaci, ka nemi waɗanda suka yi aiki a ƙarƙashinsa, ba abokan zamansa na majalisar dare ba: tsohon direba, magini, ejan ɗin da ya tsaya masa a rumfa. Kada ka tambayi "yaya halinsa", za a ce maka mutumin kirki ne. Ka tambayi abin da ke da rana da adadi: nawa ya yi alkawari, nawa ya biya, yaushe. Ka tambayi su wa ke raka shi taro, da ko an taɓa ganin 'yan sara-suka a ayarinsa. Ka tambayi wa ya saya masa fom, domin wanda ya biya kuɗin fom yakan zo karɓar bashinsa a zauren majalisa.

Kafin ka ɗora komai a Facebook ko ka tura guruf na WhatsApp, ka tuna gayyatar EFCC ba hukunci ba ce, tuhuma a kotu ma ba hukunci ba ce. Abin da sashe na 107 ya hana takara da shi shi ne hukuncin kotu a kan rashin gaskiya ko zamba, ko saɓa ƙa'idar ɗa'ar ma'aikata, cikin shekara 10 kafin zaɓe. Ka rubuta abin da takarda ta ce da kalmominta, ka haɗa da hotonta da lambar ƙarar, kada ka ƙara "ɓarawo" daga aljihunka, domin ana kai mutane kotu a kan ɓata suna kuma hujjar "haka aka ce" ba ta fid da kowa. Ka aika wa ɗan takarar ko ofishinsa tambayar a rubuce, ka ba shi kwana uku ko huɗu, ka sa amsarsa ko shirunsa kusa da abin da ka gano. Hotunan da ka ɗauka a allon INEC da waɗanda ka sauke daga IReV ka sa wa kowanne sunan gunduma da lambar rumfa da ranar da ka ɗauka, ka ajiye kwafi a wata wayar ko a imel, ka kuma buga muhimman a takarda.